Salun ɗin masu nannaɗaɗɗen gashi a Wuse 2: shirin da ake yi kafin a je, da abun da kuɗina ya siya min

Duk wacce take da gashin nan mai nannaɗewa, wanda in ruwa ya taɓa shi sai ya tattare ya koma rabin tsayinsa, kuma take tunanin zuwa irin salun ɗin nan na Abuja da suka ce su aikinsu kenan, toh ta sani tun yanzu rabin aikin a gida ake yinsa kafin a fita. Ba irin salun ɗin unguwa bane da zaki shiga da tsohon kitso a kai kice a tsefe a wanke a busar a kitse ki tafi. Na je ɗaya a Wuse 2, kuma a taƙaice yankan da suka min da bayanin da na samu sun ci kuɗinsu, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai, su ma zan faɗe su yanda suke.

Gashina irin na dangin babanmu ne, ba shi da tauri can can kuma ba mai santsi bane, nannaɗe yake ƙanana ƙanana, tsakiyar kai ya fi cika ya fi taurin kai, ƙeya kuma laushi. Na daɗe da barin rilaksa, amma tunda na bari ban taɓa bari almakashi ya zo kusa da ni ba, sai kitso kawai, a tsefe a mayar. Abun da ya kai ni wajensu shine bakin gashin ya tsattsage, yana ƙulla kansa da kansa ƙananan ƙulli, in zan taje sai na ware yini guda kuma duk da haka mataji ya fito da abun da zai sa gabanki ya faɗi.

Ba a zuwa haka kawai, sai an kama lokaci ta WhatsApp an tura kafin alƙalami, ni naira 10,000 suka karɓa kuma ana cirewa daga kuɗin aiki. Daga nan suka turo tambayoyi, yaushe rabonki da rilaksa, kin taɓa rini, kina saka lalle a kai, kin haihu kwanan nan, kina shan wani magani, sau nawa kike wanke kai, da me kike wankewa. Da farko abun ya min kamar na asibiti amma duk tambayar da dalilinta, misali mace in ta haihu wata uku zuwa huɗu bayan haihuwar gashi yana zuba sosai kuma da kansa yake dawowa, in mai gyaran bata sani ba sai ta ɗora laifin kan wani abu daban ta siyar miki da maganin da baki buƙata. Sai kuma suka ce in turo hoton gashina. Anan na tsaya nace waye yake riƙe da wayar nan, mace ce ko namiji, domin lambar kasuwanci kowa na iya buɗewa. Suka ce manajarsu ce, mace. Duk da haka ta baya aka ɗauka min, ba fuska, kuma irin turawar nan da ake gani sau ɗaya ya goge na yi. Na kuma tambaya ko akwai namiji cikin ma'aikata, domin a Abuja ba abun mamaki bane ki shiga salun ki tarar namiji ne yake busar da kai, suka ce babu, daga mai gadi sai mai kula da janareta kuma basa shiga ciki. Dan Allah ki yi wannan tambayar kafin ki tura kuɗi, kada sai kin cire mayafi ki ga ƙato ya leƙo.

Sharaɗin da suka fi nanatawa shine ki zo da gashi a wanke, a bushe, a sake, ba kitso ba kalaba ba a miƙar da shi da handiraya ba, kuma ba mai mai nauyi. Dalili kuwa a bushe suke yanka, kafin wanki. Wannan salon yankan daga New York ya fito a shekarun 1990, wani salun mai suna Devachan da wata mata 'yar Ingila Lorraine Massey suka yaɗa shi, ana ɗaukan nannaɗe ɗaya ɗaya ana yankewa a inda yake zaune da kansa. Hikimar a fili take, gashi mai nannaɗewa in ya jiƙe ko aka ja shi tsayinsa daban in ya bushe daban, na wasu yana tattarewa ya rasa fiye da rabin tsayi, masu ƙananan nannaɗe sosai har kashi 70 cikin 100 ko sama, kuma a kai ɗaya ma ba daidai yake tattarewa ba, na ƙeya daban na tsakiya daban. In aka jiƙa aka ja aka yanke a layi ɗaya, yana bushewa sai ki ga gefe guda ya haye sama ɗayan yana ƙasa. Shi yasa suke son ganinsa yanda Allah ya yi shi.

Toh amma wanda ya tsara sharaɗin nan bai yi tunanin mai hijabi ba. Ta yaya zaki fito daga Kubwa ko Lugbe da gashi a sake a tsaye, bayan ɗankwali da hijabi zasu danne shi kafin ki isa Berger? Abun da na yi, na tattara shi can saman kai da ribom mai faɗi zagaye ɗaya tak ba matsewa, na saka hular satin mai girma, na bar ɗankwali gaba ɗaya na yafa babban mayafi mara nauyi na maƙale da fil a haɓa. Da na isa na cire na girgiza, suka bar ni kamar minti goma ya saki jiki, inda ya kwanta suka ɗan fesa ruwa. Ya yi. Hular nan ta roba mai kama kai da ake sakawa ƙarƙashin hijabi ita ce kar ki saka ranar, zata shafe komai.

Tsifa kuma kar ki bari sai daren ranar. Kitso yana miƙar da gashi ya bar masa lanƙwasar da ba tasa ba, sai an wanke an bar shi ya bushe da kansa sannan asalin nannaɗen yake dawowa, dan haka ki tsefe kwana biyu kafin ranar, ki wanke ana gobe da safe domin ya samu ya bushe har ciki, mai cika yana iya kwana da danshi a tsakiya. Kuma in kin tsefe kika ga gashi ya zubo tuli kar hankalinki ya tashi, kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, in kitso ya yi wata guda a kai duk wanda ya faɗi yana nan maƙale a ciki, ki lissafa da kanki ki ga, dubu biyu ba abun mamaki bane. Muhimmin abu ki cire shi da yatsu kafin ruwa ya taɓa kan, in kika zuba ruwa da shamfu a kan gashin da ba a warware ba dunƙulewa zai yi, kuma akwai kuɗin warware cukurkuɗe daban a salun ɗin, zan zo kansa.

Maganar mai ita ce ta fi yi wa irinmu wuya domin mun taso in kai bai yi maiƙo ba kamar ba a gyara ba. Man kaɗanya, man kwakwa, basilin, man karkar, duk ki ajiye su na wannan wankin. Masu amfani da chebe ɗin nan na Chadi ku kam sai kun yi wanki biyu da shamfu mai ƙarfi domin garin yana maƙalewa a jikin sili, kuma mai gyaran tace min almakashinta yake dakusarwa. Ɗan kondishinan da ba a wankewa kaɗan ya isa. Sai ki ɗauki hoton duk abun da kike amfani da shi gaba da baya inda aka rubuta sinadaran, ko ki zuba su a jaka ki tafi da su. Ni na ƙara da tawul ɗina da matajina, ba dan na ga ƙazanta ba, kawai makero ta irin wannan hanyar ake kwasa kuma na ga yara da yawa da suka kwaso a gidan kitso. Ki ci abinci ki ƙoshi, ki lissafa sallah, domin zaman ya haura awa huɗu.

Wajen da kansa tsaf yake, bene ne hawa ɗaya, gilashin an masa duhu an kuma saka labule, kujeru basu da yawa, AC na aiki, akwai ɗan lungu da darduma da buta. Matajai da burushi na gani da idona ana tsomawa a ruwan kashe ƙwayoyin cuta bayan kowace mace. Inda suka fara ɓata min rai shine lokaci, ƙarfe goma aka bani, su da kansu suka rubuta cewa in kin makara minti goma sha biyar kuɗinki ya tafi, amma ni na zauna kusan awa guda ina jiran a gama da wata kuma ba wanda yazo yace min ko sannu sai da na yi magana. Doka in zata yi aiki ta yi a kan kowa mana.

Da mai gyaran ta zo kam sai na huce. Babbar mace ce, tana jin Hausa sosai duk da ba Bahaushiya bace, tace a Jos ta taso. Bata taɓa almakashi ba sai da ta yi kusan minti ashirin tana duba kan, tana ɗagawa tana sakewa, ta raba shi kashi kashi ta duba fatar. Nace mata Anti ni lamba nawa ce, domin duk inda ki ka leƙa a intanet ana ta 3c, 4a, 4c. Ta yi dariya tace Hajiya kanki ɗaya lamba uku ne, ƙeya 3c, gefe 4a, tsakiya ya kusa 4b, kuma yawancin mata haka suke. Wannan lissafin wani mai gyaran gashin Oprah Winfrey ne Andre Walker ya fito da shi a shekarun 1990, daga 1 mai miƙewa zuwa 4 mai ƙananan nannaɗe, kuma 3c da 4c ɗin ma ba ya cikin nasa na asali, daga baya mutane suka ƙara. Ita tace lambar bata gaya mata abun da zata saka miki, abun da take dubawa shine kaurin sili, yawan gashin, da yanda yake shan ruwa. Ta fesa ruwa a wani yanki muka zuba ido, a kusa da tushe ruwan ya tsaya ɗigo ɗigo a sama ya ƙi shiga, a baki kuwa nan take ya shanye kuma nan take ya bushe. Tace kin gani, na sama lafiyarsa ƙalau, na ƙasan nan ya bubbuɗe ba ya riƙe komai, ko man duniya zaki zuba masa ba zai haɗe ba, yankewa ce kawai. Ta kuma nuna min wasu siloli a gaba da bakinsu ya miƙe sak ya ƙi nannaɗewa, tace wannan ba rilaksa bane, zafin sitireta ne, ƙarfen nan na miƙar da gashi, na lokacin biki, kuma ba ya dawowa.

Ta tambaye ni lalle, nace ina sakawa lokaci lokaci. Tace jan lalle na gargajiya bata da matsala da shi, yana lulluɓe sili ya ƙara masa ƙarfi, sai dai in ana yawan yi yana saukar da nannaɗen ya ɗan saki kuma yana busarwa in ba a bi shi da kondishina ba. Baƙin nan na kanti mai kama nan da nan shi ne tace a kiyaye, galibi akwai sinadarin PPD a ciki wanda yake kumbura wa wasu fata har ta ɗuri ruwa. Akan rilaksa kuwa bata yi min wa'azi ba kuma na ji daɗin hakan, cewa kawai ta yi wacce take so ta yi amma ta san me take sakawa, da yawansu sodium hydroxide ne, sinadarin da ake haɗa sabulu da shi, shi yasa yake ƙona fata in ya daɗe. Ni dai abun da ya ƙara tsayar da ni tun tuni shine binciken da cibiyar lafiya ta NIH a Amurka ta fitar a 2022, sun bi mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, suka ga masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara haɗarin kansar mahaifa a wajensu ya kai kusan kashi 4 cikin 100 zuwa shekara 70, waɗanda basa amfani kuma kashi 1.6. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce duk mai sakawa zata kamu ba, amma ni ya ishe ni.

Sai yanka, wanda shine abun tsoron. Mu dai kowa ta san yanda muke da tsayin gashi, tun muna yara ake auna na wa ya fi, in kika ce zaki rage sai a kalle ki kamar kin samu matsala. Abu biyu zan ce ki riƙe. Na farko kar ki ce a rage kaɗan, kaɗan ɗinki da nata ba ɗaya bane, ki ja sili ɗaya ki nuna da yatsa ki ce nan, ita ma ta nuna miki nata ku daidaita kafin ta fara. Gashi kusan santimita ɗaya yake fitowa a wata, wani ya ɗan fi, dan haka in aka cire santimita biyar kin san aikin wata huɗu zuwa biyar ne, ki yanke shawara da wannan a ranki. Na biyu, kuma wannan ya fi komai, ki gaya mata yanda kike zama da gashinki a zahiri. Yankan nan an ƙirƙire shi ne dan matan da suke yawo da kai a buɗe gashi a sake kullum, ana masa hawa hawa, na sama gajere na ƙasa dogo domin ya yi zagaye ya tashi. Ni kuwa a sake sai cikin gida, kwana kaɗan, sauran lokaci kitso ne ko a tufke ƙarƙashin hijabi. In aka miki hawa hawa sosai ribom ba zai kama na sama ba kuma kitso zai dinga fitar da ƙananan gashi ta ko'ina. Da na faɗa mata haka sai ta tsaya tace gara da kika faɗa, ta canza tsari, ta bar na saman da tsayi yanda duk zai taru a hannu ɗaya, ta bi bakin kawai tana cire matattun, ta ɗan gyara gefen fuska. Ba ita ta tambaya ba, ni na kawo maganar, kuma a ganina salun da yake garin da rabin matan da zasu shigo masu rufe kai ne ya kamata wannan ta zama tambayar farko a takardarsu.

Yankan ya ɗau lokaci, tana yi tana ja baya tana kallo, tana sa ni in sunkuyar da kai in ɗago. Da ta gama tun kafin wanki na saka yatsu suka wuce har ƙarshe basu maƙale ba, rabon da in ji haka na manta.

Wankin wata yarinya ce ta yi, hannunta da laushi, da tafin yatsu take cuɗa fatar ba da farce ba, shamfu a fatar kai kawai kumfar ta gangara ta wanke sauran. Ta raba kan gida shida, ta labta kondishina, tana warwarewa daga baki tana hawa zuwa tushe, da yatsu tukuna sannan burushi mai laushi. Santsin da kondishinan yake bayarwa shi dai karkashi yake bayarwa, kakarmu da shi take wanke mana kai a Zariya, a jiƙa shi ya yi yauƙi a zuba mataji ya wuce salin alin, da na faɗa sai Antin tace ai har yanzu wasu kwastomominta da shi suke yi kuma bata hana su, a dai tace shi da kyau kar ganyen ya maƙale. Aka saka ni a na'urar tururi minti ashirin. Kwanon wankin nasu dai yana cin wuya, ba matashi a bakinsa, na tashi ƙeyata na ciwo, abun da naira kaɗan zai gyara.

Wajen gyaran ƙarshe ta bani madubi a hannu tace in kalla domin in iya a gida, kuma wannan na ɗauke shi cikin abun da na biya. Gashin yana jiƙe sharkaf yana ɗiga ake saka komai, ba a goge shi da tawul tukuna, kondishinan bari a kai, sai jel, a shafa a kowane yanki a matse daga ƙasa zuwa sama. Sai busarwa da handiraya mai faffaɗan baki kamar kwano, iska mara zafi sosai, kuma ba a taɓawa har ya bushe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta ya ɗau kamar minti biyar kafin ya tashi, wannan kam ba laifinsu bane. Da ya bushe sai ya yi ƙarau kamar taliyar da ba a dafa ba, na ɓata fuska, ta ɗiga mai kaɗan a tafin hannu ta murmushe shi sai ga shi ya yi laushi ya tashi, kowane nannaɗe a fili yana sheƙi. Gaskiya ban san haka kaina yake ba.

Toh ga inda aka ɓata. Ina cikin kallon madubi sai naga ɗaya yarinyar ta ɗaga waya ta bayana, nace me kike yi, tace Anti na shafinmu ne ba za a ga fuska ba. Nace a'a, ki goge a gabana, ta goge, manajar tazo ta bada haƙuri. Amma ai tambaya ake fara yi, ba sai mutum ya kama ku ba, kuma madubi ne a gabana fuskar tana ciki. Ki faɗa musu tun a ƙofa cewa ba hoto ba bidiyo. Na biyu kuɗi, a waya an ce min yanka da wanki da tururi da gyara naira 30,000, da aka kawo takarda sai ga ƙarin 5,000 wai na yawan gashi. Hoton kan nan na tura muku, a lokacin baku ga yawansa ba? Na biya domin aikin ya yi kyau amma na gaya musu bai dace ba. Wata da ke gefena kuma an caje ta kuɗin warware cukurkuɗe domin da kitso ta zo a kai. Na uku tallan kaya, an jera min kwalabe biyar a kan tebur, Shea Moisture, As I Am, Mielle da wasu, jimlarsu ta fi kuɗin aikin. Kayan masu kyau ne ban ce ba, kuma na gane tsoron jabu yana sa mutum ya gwammace ya siya a irin wajen nan, amma da na matsa wa Antin nace cikin waɗanda na zo da hotonsu wanne zan ci gaba da shi, sai ta nuna shamfuna da kondishinana tace duk suna da kyau, jel kawai na rasa. Shi kaɗai na siya. Ki tambayi mai gyaran kai tsaye, ba wacce take siyar da kayan ba.

Akwai kuma shawarar da suke bayarwa wacce daga ji daga waje aka kwaso ta, wai ki wanke sau ɗaya a sati sauran kwanakin kar ruwa ya taɓa. Nace Anti matar aure fa, wankan tsarki fa? Dole ruwa ya kai tushen gashi, ko da yake ba sai an tsefe kitso ba kamar yanda ya zo a hadisin Ummu Salama, amma jiƙewa kam sai ya jiƙe. Ta ɗan yi shiru sannan tace gaskiya ne, ruwa zalla ba ya cutar da gashi, shamfu ne ba a so kullum, in ya jiƙe ki matse da tsohuwar riga mai laushi ki shafa ɗan kondishina a baki, babban abu kar ki rufe shi da danshi, ki bari ya sha iska ko ki bi tushen da handiraya kafin hula da hijabi, domin danshi a rufe shi ke kawo wari da ƙaiƙayi da amosani. Ta ƙara da cewa ga mai yawan jiƙawa manyan kalaba huɗu zuwa shida sun fi sakin gashi sauƙi. Da hunturu kuma tace anan ne man kaɗanya yake da aiki, amma a bayan ruwa da kondishina, ɗan kaɗan a baki domin ya rufe danshin, ba a kan busasshen gashi ba.

Abun da yasa na yarda da matar nan shine gaban goshina. Ya ɗan ja baya ta gefe biyu, na zaci zata ɗauko wani mai tace sati biyu ya fito. Sai tace wannan ja ne, kitso mai tsauri da ɗaurin ɗankwali a waje ɗaya shekara da shekaru, in har akwai ƙananan gashi a wajen toh tushen da ransa, a daina jan kawai zai iya dawowa, ki ce wa makitsiyarki ta bar na gaban nan kar ta kama, in kitso ya hana ki barci ko ya fito da ƙuraje a tsefe shi a ranar. Amma in wajen ya yi sumul yana ƙyalli tace likitan fata zaki gani ba salun ba, kuma da wuri. Bata siyar min da komai a kai ba.

Gyaran ya yi min kwanaki yana kyau, da dare in tattara sama in saka hular satin, da safe in girgiza. Da na gwada da kaina bai kai nata ba amma ya yi kusa, kuma taje kai da yake cin yini yanzu baya kai awa guda. Sun ce in dawo duk wata uku, ni dai a wannan farashin sau biyu a shekara zan iya, kuma yanka kawai, wanki da tururi ina yi a gida. Wacce kullum cikin kitso take kuma bata da niyyar sakin gashi ko a ɗaki, rage baki a salun ɗin unguwa wajen mai hannu mai kyau ya ishe ta, kar ta wahalar da aljihunta. Wacce take son ta san gashinta, ko uwar da take fama da kan 'yarta kullum da kuka, zuwa ɗaya yana da amfani, ki kama safiyar Talata ko Laraba, ki guji satin sallah da ƙarshen mako na bukukuwa, kuma ki sa su rubuto miki jimlar kuɗin a WhatsApp bayan sun ga hoton. Da na koma wajen makitsiyata ta yi min shuku, ta lura da kanta cewa bakin ya daina tsinkewa a hannunta, sai dai tace na gefen fuskar nan da aka gyara yana zamewa daga kitson, sai da ta yi masa ƙananan guda biyu daban.